Gargada ko Sumul: Abin da Ya Raba Kan Masoya Rola-Kosta

A watan Satumba na shekarar 2016, wurin shaƙatawa na Cedar Point da ke bakin tafkin Erie a jihar Ohio ta Amurka ya rufe wani katafaren jirgin wasa na katako mai suna Mean Streak, bayan ya shekara 25 yana ɗaukar mutane. Irin wannan jirgi shi ake kira rola-kosta, wato jerin taragu marasa inji da ake ja da sarƙa zuwa ƙololuwar wani tudu da aka gina da katako ko ƙarfe, a sake su, su gangaro da nauyin kansu suna bin layi mai hawa da sauka da lanƙwasa har su koma inda suka tashi. Lokacin da aka buɗe Mean Streak a 1991 yana cikin mafiya tsayi a jinsinsa, amma tun kafin a rufe shi sunansa ya ɓaci, domin mutane kan sauko daga kansa suna dafe da ƙugu da wuya. Ba a rushe shi ba. An bar ginshiƙan katakon a tsaye, aka cire tsohon layin, aka ɗora na ƙarfe, aka ƙara masa tsayi, sannan a 2018 aka sake buɗe shi da sunan Steel Vengeance, mai tsayin mita 62 da gudun kilomita 119 a awa, yana kifar da mahayansa sau huɗu, kuma duk da wannan tsanani yana tafiya sumul kamar an shafa wa layin mai. Jama'a suka yi ta tsayuwar sa'o'i domin su hau. Sai dai a cikin masoya wannan harka akwai waɗanda suka ce an ci riba an kuma tafka asara, tunda abin da ke tsaye a wurin yanzu jirgin ƙarfe ne sanye da rigar katako, kuma kowace sauyawa irin wannan tana rage yawan jiragen katako na asali da suka saura a duniya.

Waɗanda ke wannan muhawara ba masu kai yara wurin wasa sau ɗaya a shekara ba ne. Mutane ne da ke tara kuɗi su tsallaka ƙasashe domin hawa jirgi guda, suna riƙe da lissafin adadin waɗanda suka taɓa hawa, wasu ɗaruruwa, wasu sun haura dubu. Babbar ƙungiyarsu, American Coaster Enthusiasts, an kafa ta a 1978, kuma tun 1998 jaridar Amusement Today take ba da kyautar Golden Ticket bisa ƙuri'un gogaggun mahaya. Suna da kalmominsu na cikin gida. Suna bambanta tashin da mutum ke yi daga kujera a hankali kamar yana shawagi da tashin da ke zuwa da fizga kamar za a yi wurgi da shi, suna da suna ga gwaruwar kai da makarin kafaɗa, suna da wani sunan ga karkarwar da ke ratsa kujera, da wani kuma ga dakan da tarago ke yi wa kashin baya a gindin gangara kamar ana kirɓa hatsi a turmi. Wanda ya saurare su da kyau zai gane cewa yawancin gardamar tana tasowa ne daga haɗa abubuwa biyu a kalma ɗaya, kuma sai an raba su kafin a warware zare da abawa.

Abu na farko shi ne ƙarfin da injiniya ya tsara tun a takarda. A gindin gangara jiki kan yi nauyi ninki uku ko huɗu, ya nutse cikin kujera. A saman tudu nauyin ya gushe, mutum ya tashi har cinyoyinsa su tokari sandar da ke riƙe da shi. A kwana kuma a matse shi zuwa gefe. Duk wannan da gangan aka sa shi, kuma shi mutum ya biya kuɗi ya ji. Abu na biyu shi ne gargada, wato ƙananan bugu da fizga masu zuwa a jere waɗanda ba su cikin zane, ko kuma suna cikinsa bisa kuskure. Injiniyoyi suna auna bambancin da wani ma'auni da ke nuna saurin sauyawar ƙarfi, domin jiki yana iya karɓar ninki huɗu na nauyinsa idan ya hau kansa sannu a hankali, alhali ninki biyu kacal idan ya sauka farat ɗaya kamar mari shi ke barin ciwo. Duk wanda ya taɓa hawan doki ya san wannan a jikinsa: sukuwa ta fi sassarfa gudu nesa ba kusa ba, amma sassarfa ce ke girgiza wa mahayi hanji. Don haka idan wani ya ce yana son jirgi mai tsanani, wani kuma ya ce ba ya son mai gargada, mai yiwuwa ne jirgi ɗaya suke so ba su sani ba.

Gargada tana da tushe, kuma tushenta a katako daban yake da na ƙarfe. Tun da John Miller ya yi rajistar fasaharsa a 1919, tarago yana riƙe layi ne da tayoyi iri uku, na sama masu ɗaukar nauyi, na gefe masu hana shi zamewa, da na ƙasa masu hana shi tashi sama. Wannan ƙirƙira ce ta ba masu gini damar yin gangara masu tsauri ba tare da tsoron jirgi ya bar layi ba. Layin katako kuwa alluna ne ake jerawa ɗaya bisa ɗaya, galibi kamar hawa takwas, a lanƙwasa su da hannu a wurin aikin, a buga musu ƙusoshi da noti, sannan a shimfiɗa siririn ƙarfe a inda tayoyi ke bi, su kuma tayoyin na ƙarfe ne. Katako abu ne mai numfashi. Yana sha ruwa ya kumbura, rana ta busar da shi ya tsuke, sanyi ya tsaga shi, ga kuma taragu masu nauyin tan da yawa suna danne shi ɗaruruwan lokuta a yini. A wuraren da nauyi ya fi sauka, musamman gindin gangara, layin kan lotsa tsakanin madogara biyu, sai ya zama tudu da kwari a jere kamar hanyar burji da manyan motoci suka cinye. Idan tazarar da ke tsakanin layuka biyu ta buɗe da ɗan kaɗan, tarago zai riƙa kai kawo hagu da dama yana neman hanya, kowace kaiwa kuma haƙarƙarin mahayi ne ke karɓarta.

Shi ya sa a duk wurin da ake kula da jirgin katako yadda ya kamata, kafintoci ne ke fara hawansa da ƙafa. Da sassafe, tun ba a buɗe ƙofa ba, sukan bi layin taku bayan taku, suna ƙwanƙwasa allo su saurari ƙararsa, su danne ƙusar da ta ɗago, su ɗaure notin da ya saki, su yi alama a inda itace ya fara ruɓewa domin a sauya shi idan lokacin sanyi ya zo an rufe wurin. Aiki ne da ba ya ƙarewa, kuma a nan ne nake ganin masu kare gargada suke yin kuskurensu mafi girma. Sau da yawa abin da suke kira halin jirgi, ko ɗanɗanonsa na gargajiya, alama ce kawai ta cewa an rage wa kafintoci kuɗin aiki. Jirgin da ke dakan bayan mutum a yau ba haka yake ba ranar da aka buɗe shi, kuma yaba wa wannan daka tamkar yaba wa mai gida ne a kan rufin da ya bari yana yoyo.

Gargadar ƙarfe labarinta daban ne, domin ƙarfe ba ya ruɓewa haka, matsalarsa daga lissafi take tasowa. Kamfanin Arrow ne ya fara layi na bututun ƙarfe da Matterhorn Bobsleds a Disneyland a 1959, kuma shi ne ya gina Corkscrew a Knott's Berry Farm a 1975, jirgin zamani na farko da ke kifar da mutane kai a ƙasa. Babban mai zanen kamfanin, Ron Toomer, mutum ne da jiri ke damu idan ya hau irin waɗannan jirage, saboda haka da wuya yake hawa abin da ya zana. A zamaninsu, kafin kwamfuta ta shiga aikin sosai, ana haɗa layi ne daga gutsattsarin miƙaƙƙe da gutsattsarin da'ira, ta yadda tarago zai fita daga miƙaƙƙiyar hanya ya faɗa kwana kai tsaye babu shiri. Daɗin daɗawa, idan za a karkatar da layi, ana juya shi ne a kan ƙarafunan da ke ƙarƙashin ƙafafun mahayi, shi kuwa kansa yana can sama da kusan mita guda, sai ya yi lilo kamar kan dawa a cikin iska. Injiniyan Jamus Werner Stengel shi ya yaɗa maganin wannan, inda ya sa a riƙa juya layi a kewaye da ƙirjin mahayi, kusa da zuciyarsa, kuma shi ne ya lissafa zoben jirgin Revolution na Magic Mountain a 1976, wato zagayen da ke kifar da mahayi, da siffar ɗigon ruwa maimakon cikakkiyar da'ira, domin ƙarfi ya shigo a hankali ya fita a hankali.

Abin da ya mayar da wannan lilo na kai ya zama azaba shi ne makarin kafaɗa, wato ƙaton abin riƙewa mai tauri da ke saukowa ta gefen kunnuwa biyu. Kan da ke kaɗawa ba shi da wurin zuwa sai wannan makari. Kamfanin Vekoma na ƙasar Holan ya fitar da wani samfuri a 1994 wanda taragunsa ke rataye a ƙarƙashin layi, ya sayar da fiye da arba'in irinsa a faɗin duniya domin yana da araha kuma ba ya cin fili, amma a wurin masoya harkar sunansa ya zama abin misali wajen gwara kai. Mahayi kan shiga yana murna, ƙafafunsa na reto a iska, da zarar an shiga juyin farko sai kunnensa na dama ya bugi makari, kafin ya gyara na hagu ya karɓa, haka har a tsaya, ya sauko kunnuwa jajur yana jin kansa na sarawa. Haka Drachen Fire na kamfanin Arrow a Busch Gardens Williamsburg, wanda aka buɗe a 1992, aka cire masa juyi ɗaya domin a sassauta shi, abin bai yi magani ba, aka rufe shi a 1998, aka rushe shi a 2002. Kusan babu wanda ke kare wannan nau'in gargada, kuma Vekoma da kansa ya sauya hanya, har Lech Coaster da ya gina a Poland a 2017 ya samu yabo daga bakin waɗanda suka daɗe suna sukarsa.

To, idan haka ne, mene ne masu son jirgi mai kaushi suke karewa? Hujjarsu tana da nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa daɗin rola-kosta yana cikin jin cewa abin ya kusa ƙwacewa, alhali hankali ya san ba zai ƙwace ba. Ƙarar tayoyin ƙarfe a kan layi, da yadda ginin katako ke ɗan rangaji idan taragu suka shiga kwana, da warin man shafawa da na itace, da rawar da kujera ke yi a ƙarƙashin mutum, duk suna gaya wa jiki cewa gudu ake yi. Cyclone na Coney Island a birnin New York, wanda aka buɗe a ranar 26 ga Yuni, 1927, tsayinsa mita 26 ne kawai, gudunsa bai wuce kilomita 97 a awa ba, amma an matse shi a ƙaramin fili, kwanoninsa na wurga mutum jikin maƙwabcinsa, ginshiƙai na wucewa daf da kai, kuma har yau akwai waɗanda suka hau jirage masu ninka shi tsayi sau uku suke cewa shi ya fi razana su. A shekarun 1970 an so a rushe shi, jama'a suka tashi suka hana, a 1988 birnin ya sanya shi cikin gine-ginensa na tarihi. Wannan ra'ayi yana da tsohon asali, domin a wancan zamani tsanani shi ne talla. Wani Cyclone ɗin da Harry Traver ya gina a Crystal Beach ta ƙasar Kanada an ajiye masa ma'aikaciyar jinya a bakin wurin sauka, mutane kuma suna zuwa kallonsa fiye da yadda suke hawansa, har aka rufe shi a 1946.

Akwai kuma jiragen da kaushinsu ya zama shi ne ainihin abin so. Magnum XL-200 na Cedar Point, wanda a 1989 ya zama na farko da ya haura mita 61, tuddansa na ƙarshe ba su da zagayen da injiniyan yau zai ba su, sun fi kusa da kusurwa, saboda haka kowanne yana fizgar mutum sama da ƙarfi har sanda ta daki cinyarsa. A ma'aunin lissafi wannan aibi ne, amma masoyansa saboda shi suke komawa. The Voyage na Holiday World a jihar Indiana, da aka buɗe a 2006, yana da tsawon kusan kilomita biyu, yana kutsawa daji da ramukan ƙarƙashin ƙasa ba ya ba mahayi damar numfasawa, kuma ya riƙe kyautar Golden Ticket ta jirgin katako mafi kyau daga 2007 zuwa 2011 duk da ƙorafin da ake yi na cewa yana gajiyar da jiki. Ita kanta ƙungiyar masoyan tana ba da wata lamba ta musamman ga tsoffin jiragen katako da suka bar mahayi sakayau, masu sandar cinya guda wadda ba ta matsewa, babu shinge tsakanin kujeru, babu matashin kai, domin a ganinsu zamewa a kujera da tashi daga kanta suna cikin abin da magabata suka tsara. A nan ina tare da su. Jirgin da ya ɗaure mutum tamau daga kafaɗa zuwa ƙafa ya rage masa rabin abin da ya zo nema.

Ɓangaren masu son tafiya sumul ya samu jagora a 1988, lokacin da Walter Bolliger da Claude Mabillard suka kafa kamfaninsu a garin Monthey na ƙasar Suwizalan. Jiragensu sun zo da lissafi mai tsabta da tayoyi masu rufin roba da ke manne da layi ta kowane ɓangare babu gibi, ta yadda tarago ba shi da wurin kai kawo. Fury 325 da suka gina a Carowinds a 2015 yana da tsayin mita 99 da gudun kilomita 153 a awa, amma mutum na iya sauka ya sake hawa sau biyar a jere kansa bai yi ciwo ba. Wannan sake hawa shi ne ma'aunin da masu wannan ra'ayi suka fi riƙewa. Suna cewa jirgin da sai an ɗaure jiki an cije haƙora kafin a jure masa ya hana mutum jin abin da aka tsara masa, domin hankalinsa na kan kare wuyansa. Suna kuma tunatarwa cewa wurin wasa na kowa ne, da dattijo da matashi da wadda ta zo da 'ya'yanta, kuma jikin ɗan shekara hamsin ba ya yafe abin da na ɗan shekara ashirin ke yafewa. Sukar da ake yi musu ita ce wasu daga cikin jiragen kamfanin na baya-bayan nan sun yi laushi har sun zama lami, an goge kowace kusurwa har babu abin da ke ba mutum mamaki. Akwai kuma abin lura game da sabo: da zarar mutane sun saba da sumul, 'yar karkarwar da ba za a ko kula da ita ba a jirgin Arrow sai ta zama abin ƙorafi na watanni idan ta bayyana a sabon jirgi.

Kamfanin Rocky Mountain Construction na jihar Idaho shi ya rikita wannan rabe-rabe. Fred Grubb da injiniya Alan Schilke sun ƙirƙiro layin ƙarfe da ake yankawa da na'ura a haɗa shi da walda, wanda za a iya ɗorawa a kan tsohon ginin katako. Sun fara da Texas Giant a 2011, suka biyo da wasu da dama, ciki har da Steel Vengeance da kuma Iron Gwazi a Tampa a 2022. Jiragensu ba su da gargada ko kaɗan, amma suna fizgar mutum daga kujera da ƙarfin da ke barin shaida a cinya da ƙwauri, har wasu daga cikin masu son sumul suka koma suna ƙorafin cewa sun yi tsanani. Intimidator 305 na Kings Dominion ya nuna haka ta wata fuskar a 2010: layinsa santsi gare shi, amma kwanar da ke biyo bayan gangarar mita 91 tana danne jiki har jini ya ragu a kai, idon mahayi ya dushe, dole bayan shekarar farko aka faɗaɗa kwanar. A Japan kuma, Do-Dodonpa na Fuji-Q Highland, mai kai gudun kilomita 180 a awa cikin daƙiƙa 1.56, an dakatar da shi a 2021 bayan rahotannin karayar ƙashi a jikin wasu mahaya, a 2024 aka sanar da rufe shi baki ɗaya. Santsin layi bai ba da tabbacin cewa jiki zai ji sauƙi ba.

A ɗaya gefen ma akwai iyakar da ba a tsallakewa. Son of Beast na Kings Island, da aka buɗe a 2000 da tsayin mita 66 da zobe guda, ya so ya kai katako inda katako ba ya zuwa. A watan Yuli na 2006 wani ginshiƙi ya tsage, layi ya lotsa, aka kai mutum 27 asibiti. Aka cire zoben, aka kawo taragu marasa nauyi, duk da haka a 2009 aka rufe shi, a 2012 aka rushe shi. Gargadar da ta kai nan ta bar batun ɗanɗano ta koma batun lafiya.

Wani abin da ke dagula muhawarar shi ne mutum biyu na iya hawa jirgi ɗaya a rana ɗaya su sauko da labari biyu, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. Kujerar da ke daidai kan taya tana karɓar kowane bugu kai tsaye, ta tsakiyar tarago kuwa da sauƙi. Taragon baya ana fizgo shi ne daga saman tudu, na gaba kuma ana tura shi. Da sanyin safiya man shafawa yana da kauri, jirgi na tafiya a hankali, da yamma bayan zafin yini ko bayan ruwan sama sai ya ƙara wuta. Dogon mutum kansa na sama da makari, gajere kuwa kunnuwansa na daidai wurin bugu. Gogaggun mahaya sun koyi ɗaga bayansu daga jikin kujera da karkata jiki kafin kwana ta zo, abin da baƙo bai sani ba. Sannan jirgin katako na bana ba shi ne na bara ba, ya danganta da yawan allunan da aka sauya masa a lokacin sanyi. Saboda haka hukuncin da aka yanke daga hawa ɗaya tak hukunci ne mai rauni, ko yabo ne ko suka.

Wanda ke yanke hukuncin ƙarshe shi ne mai wurin, kuma shi lissafin kuɗi yake yi. Layin ƙarfe ana sa shi sau ɗaya ya daɗe, na katako kuwa kowace shekara yana neman kafintoci da itace. An gwada hanyoyin tsakiya. Kamfanin Intamin ya yi layin katako da ake sassaƙawa da na'ura a masana'anta a kawo a haɗa, kamar na Colossos a Jamus a 2001 da El Toro a jihar New Jersey a 2006, suka fito sumul kamar ƙarfe, har wasu suka ce ba su cancanci sunan katako ba; amma Colossos sai da aka rufe shi a 2016 aka sauya masa layi gaba ɗaya kafin ya dawo a 2019. Wasu kamfanonin kuma yanzu suna sa guntun layin ƙarfe a wuraren da nauyi ya fi cinyewa kawai, su bar sauran a katako. The Beast na Kings Island, wanda tun 1979 yake riƙe da kambin jirgin katako mafi tsawo a duniya, an sabunta masa kimanin mita 600 na layi kafin kakar 2022, kuma da katako aka yi aikin.

Jirgin da na fi ganin ya amsa wa ɓangarorin biyu ƙarami ne. An gina shi a 1947 a birnin San Antonio na Texas da sunan The Rocket, wurin ya mutu a 1980, sai iyalin da ke da wurin shaƙatawa na Knoebels a Elysburg ta jihar Pennsylvania suka saye shi, suka sa wa kowane allo lamba, suka kwance shi, suka ɗauko shi suka sake haɗawa, aka buɗe shi a 1985 da sunan Phoenix. Tsayinsa mita 24 ne, gudunsa kilomita 72 a awa, kuma a 2018 ya karɓi kyautar jirgin katako mafi kyau a gaban manyan da suka ninka shi tsayi da kuɗi, ya kuma sake karɓarta a shekarun da suka biyo baya. Sanda guda ce a gaban mahayi, tana tsayawa can nesa da cinya, babu bel. Katakon yana rawa, tayoyin na ƙara, ana jin kowace gaɓa ta layin a kujera, amma babu inda ake dakan baya, domin kafintocin wurin ba sa barin allo ya kai ga lotsawa. A jerin ƙananan tuddan da ke ƙarshensa, mahaya kan tashi daga kujera kusan tsaye sau bayan sau, su koma su zauna, kuma da yawansu da zarar sun sauka sai su zagaya su sake shiga layi.